Cutar kansa: maganin da ya faɗi a gwajin 2015 ya samu izini bayan shekaru goma

Ranar 8 ga watan Mayun 2025, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da wani haɗin magunguna biyu domin matan da ke fama da wani nau'in kansar gidan ƙwai wanda ba a cika samunsa ba. Labarin bai yi amo sosai ba a duniya, saboda masu wannan nau'in cutar ba su da yawa. Amma a wajen masu binciken cutar daji ranar ta shiga tarihi. Wannan ne karon farko da aka ba da izinin sayar da maganin da ke toshe wani sinadari na cikin jiki mai suna FAK, bayan shekaru 33 da gano shi, kuma shekaru goma bayan maganin ya sha kaye a wani babban gwaji har wasu suka fitar da rai da shi.

Sunan maganin defactinib. Abokin tafiyarsa kuwa avutometinib. Kamfanin Verastem da ke jihar Masacuset ne ke sayar da su a kwali ɗaya da sunan Avmapki Fakzynja. Kafin a fahimci abin da suke yi, sai an fara sanin yadda ƙwayoyin halittar jikinmu suke riƙe da wurin zamansu.

Ƙwayar halitta ba ta zama a iska

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. In ban da irin na jini da ke yawo, mafi yawansu a kafe suke a wuri guda, kamar tubali a jikin katanga. Akwai wani saƙaƙƙen abu mai kama da raga da ke kewaye da su, shi suke dafawa. Kowace ƙwaya tana da ƴan ƙananan ƙugiyoyi a bayanta, masana na kiransu intagirin, da su take kama wannan raga. A daidai inda ƙugiyoyin suka kama, ta ciki, sinadarai da dama ne ke taruwa su yi cincirindo. FAK na cikin manyansu. Sunan nasa taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci uku, ma'anarsu sinadarin da ke aiki a wurin mannewa.

Aikinsa ya yi kama da na ɗan aike. Da zarar ƙugiya ta kama, sai FAK ya liƙa wa kansa wata alama ta fosfet a wani gurbi da masana suka laƙaba wa lamba 397. Wannan alama ce ke jawo wani sinadarin mai suna Src, su biyun su haɗu su aika saƙo can cikin ƙwayar: kina da wurin zama, ki ci gaba da rayuwa, kina iya hayayyafa, kina iya motsawa.

To idan ƙwayar ta ɓalle daga mazauninta fa? Saƙon sai ya yanke, ita kuma ta kashe kanta. A shekarar 1994 masanin nan Steven Frisch da abokin aikinsa suka raɗa wa wannan mutuwa suna da wata kalmar Girkanci, anoikis, wato rashin gida. Tsari ne na kariya: ƙwayar fata ko ta hanji ba ta da hurumin tashi ta je ta kafa sansani a hanta ko a huhu. Ƙwayar kansa kuwa wannan doka take karyawa. Tana ɓallewa, ta shiga jini ko magudanan jiki, ta ƙi mutuwa, ta sauka a wata gaɓa ta yi saiwa. Wannan bazuwar ce ke kashe mafi yawan masu cutar, ba ƙullutun farko ba. Tun a shekarun 1990 likitoci suka lura cewa ƙullutun da suka fi saurin bazuwa, a mama da hanji da sauran wurare, sukan tara FAK fiye da kima. Kamar dai ƙwayar ta samu ɗan aiken da ke yi mata ƙarya, yana ce mata tana gida alhali tana tsakiyar daji.

Akwai wani abin mamaki da aka gano a 1995. Masu bincike sun cire ƙwayar gadon FAK daga jikin ɓeraye. Ƴan tayin ba su rayu ba, sun mutu tun a ciki. Da aka duba ƙwayoyin halittarsu, an zaci za a tarar ba sa iya mannewa. Sai aka ga akasin haka: sun manne fiye da kima, sun kasa tafiya. Ashe FAK ba manni ba ne shi kansa, shi ne mai ba da umarnin a kama nan, a saki can. Duk wanda ya taɓa ganin mai hawan giginya ya san cewa ba a yin sama sai an saki inda aka riƙe. Ƙwayar kansa mai son yin ƙaura tana buƙatar wannan dabara ta kamawa da saki, shi ya sa masana suka ga cewa idan aka ɗaure FAK, wataƙila an ɗaure mata ƙafa.

Daga wata kaza

Asalin labarin ya faro ne daga kaza. A 1911, Peyton Rous na cibiyar Rockefeller da ke birnin New York ya nuna cewa wata ƙwayar cuta ta bairos tana iya haddasa ƙari a jikin kaji. Takwarorinsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, yana da shekaru 87. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka gano cewa ƙwayar gadon da bairos ɗin ke amfani da ita, wato Src, ba baƙuwa ba ce: akwai irinta a jikin lafiyayyun dabbobi, bairos ɗin sato ta ya yi ya lalata ta. Daga nan aka shiga neman sinadaran da Src ke zugawa. A 1992, ɗakin binciken Thomas Parsons a jami'ar Bajiniya, tare da Michael Schaller, ya bayyana ɗaya daga cikinsu a ƙwayoyin halittar kaji, aka sa masa suna FAK. A shekarar dai wasu ɗakunan binciken a Amurka suka iso ga sinadarin ta wasu hanyoyin.

FAK ɗan wani babban gida ne da ake kira kainas, masu liƙa alamar fosfet, kuma jikin mutum na da sama da 500 daga cikinsu. A 2001 maganin imatinib ya fito, ya toshe wani kainas guda, ya mayar da wani nau'in kansar jini daga hukuncin kisa zuwa cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru da ƙwaya ɗaya a rana. Bayan wannan nasara kowane babban kamfani ya shiga farautar nasa kainas ɗin. Pfizer da GlaxoSmithKline da Boehringer Ingelheim duk sun haɗa magungunan FAK. Gwaje-gwajen farko sun nuna cewa jikin mutane na jure su, amma ƙullutun ba su cika raguwa ba. A 2012 Pfizer ta miƙa nata maganin ga ƙaramin kamfanin Verastem, wanda sanannen masanin kansa Robert Weinberg na cikin waɗanda suka kafa shi. Wannan magani shi ne defactinib.

Faɗuwar 2015

Verastem ya zaɓi ya gwada sa'arsa a kan mesoteliyoma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda galibi shaƙar ƙurar asbestos ke jawowa, sau da yawa bayan shekaru 30 ko 40. Zaɓin yana da dalili. Ƙullutun wannan cuta da dama sun rasa wani sinadari mai suna merlin, kuma a ɗakin bincike an ga cewa ƙwayoyin da suka rasa shi sun fi dogara da FAK. A takarda lissafin ya fita daidai.

An sa wa gwajin suna COMMAND, aka ɗauki marasa lafiya 344 a ƙasashe daban-daban, dukansu sun gama shan maganin shimiyo na farko. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan defactinib, wasu na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Satumban 2015 aka dakatar da gwajin, bayan kwamitin sa ido ya duba alƙaluman ya ga babu alamar za a kai ga nasara. Da aka buga sakamakon daga baya, an ga cewa cutar ta ɗauki kimanin wata huɗu kafin ta ci gaba a ɓangarorin biyu, babu bambanci. Waɗanda ba su da merlin ɗin ma ba su tsira da komai ba. Hannun jarin kamfanin ya faɗi warwas a ranar da aka sanar.

Ba shi ne na farko ba a wannan fage. Magungunan da aka yi a shekarun 1990 don hana ƙwayar kansa yaga ragar da ke kewaye da ita sun gaza a manyan gwaje-gwaje. Cilengitide, wanda aka yi don toshe ƙugiyoyin intagirin kansu, shi ma ya gaza a kansar ƙwaƙwalwa. Abin da ke kashe ƙari a jikin ɓera sau da yawa ba ya yin komai a jikin mutum, kuma wannan darasi ne da ya kamata mai karatu ya riƙe duk lokacin da ya ga kanun labari a Facebook cewa an gano maganin kansa.

Ɓarauniyar hanya

Abin da ya ceto defactinib shi ne sauyin tunani: a daina kallonsa a matsayin mai yaƙi shi kaɗai.

A cikin ƙwayar halitta akwai wata babbar hanya da saƙon hayayyafa ke bi, daga sinadarin RAS zuwa RAF zuwa MEK, har ya isa ga cibiyar ƙwayar. Idan ƙwayar gadon KRAS ta lalace, sai hanyar ta zauna a buɗe dare da rana, saƙon a hayayyafa ya riƙa kwarara ba tsayawa. Akwai magungunan da ke kafa shinge a kan wannan hanya, amma ƙari yakan lafa na ɗan lokaci ne ya sake tasowa. Da masana suka bi sawu, sun ga cewa idan aka rufe babbar hanya, ƙwayar kansa takan ƙara zuga FAK, saƙon ya zagaye shingen ya wuce. Mazauna garuruwan kan iyaka ba sa buƙatar dogon bayani a nan: a rufe babban titi, kaya su bi ta ɓarauniyar hanya. Dabarar ita ce a tsare hanyoyin biyu a lokaci guda.

Avutometinib, wanda kamfanin Chugai na Japan ya fara haɗawa, shi ne shingen babban titi: yana toshe MEK, kuma yana riƙe shi manne da RAF don kada RAF ya sake tayar da shi. Defactinib kuma ya tsare ta bayan gari. An fara gwada haɗin ne a Landan, a wani ƙaramin gwaji mai suna FRAME ƙarƙashin jagorancin Farfesa Udai Banerji na cibiyar binciken kansa ta ICR da asibitin Royal Marsden. A cikin marasa lafiya masu kansa iri-iri da suka shiga, wasu mata ne suka ja hankali, masu wani nau'in kansar gidan ƙwai mai tafiyar hawainiya.

Wannan nau'i bai kai kashi 10 cikin 100 na kansar gidan ƙwai ba. Yakan kama mata masu ƙarancin shekaru fiye da sauran nau'o'in, har da ƴan shekaru ashirin da talatin. Rashin saurinsa ba rahama ba ce gaba ɗaya, domin shimiyo ya fi cin ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, don haka ba ya yi masa tasiri sosai. Ana yin tiyata, ya lafa, ya dawo, a sake. Mace na iya shafe shekaru tana wannan zirga-zirga. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi suna da lalatacciyar KRAS.

Mata 57

Izinin FDA ya dogara ne a kan gwajin RAMP 201, wanda Farfesa Susana Banerjee ta Royal Marsden na cikin jagororinsa. Hukumar ta duba mata 57 masu lalatacciyar KRAS waɗanda cutar ta dawo musu bayan an yi musu wani maganin. A kashi 44 cikin 100 nasu, wato mata 25, ƙullutun sun ragu yadda ake iya aunawa a hoto. A ma'aunin likitoci, hakan na nufin girman ƙarin ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100. Tsawon lokacin da raguwar ta ɗore ya kama daga wata uku da ɗoriya zuwa wata 31. A wajen matan da ba su da lalatacciyar KRAS, waɗanda suka amfana ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa izinin bai haɗa da su ba.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da idon basira. Raguwar ƙari ba warkewa ba ce. Fiye da rabin matan ba su samu raguwar da ta kai ma'auni ba. Mutum 57 kuma adadi ne kaɗan, sannan ba a kwatanta su da wasu matan da ke shan maganin da aka saba ba. Saboda haka izinin na gaggawa ne, irin wanda FDA ke bayarwa a kan cuta mai tsanani da ba ta da isasshen magani, bisa sharaɗin a kawo hujja mai ƙarfi daga baya. Wannan hujja ita ake nema a babban gwajin RAMP 301, inda ake kwatanta haɗin da shimiyo ko magungunan rage sinadarin mata. Idan sakamako bai gamsar ba, hukumar na da ikon janye izinin, kuma ta taɓa yin haka da wasu magungunan kansa.

Akwai kuma tambayar da ta dace a yi: nawa ne rabon defactinib a cikin wannan nasara? Maganin trametinib, mai toshe MEK shi kaɗai, ya riga ya nuna amfani a wannan cuta a wani gwaji da aka buga a 2022, inda ƙari ya ragu a kashi 26 cikin 100 na mata, a kan kashi 6 na masu shan magungunan da aka saba. A matakin farko na RAMP 201 an gwada avutometinib shi kaɗai da kuma haɗin, haɗin ya fi, shi ya sa aka ci gaba da shi. Amma babban nauyin, a ganina, yana wuyan avutometinib ne. Defactinib mataimaki ne, kuma ba aibi ba ne a faɗi hakan.

Shan maganin ma ba wasa ba ne. Ana shan avutometinib miligiram 3.2 sau biyu a mako, defactinib miligiram 200 sau biyu a rana, na tsawon mako uku, a huta mako ɗaya, a sake. Yakan kawo tashin zuciya, gudawa, kasala, kumburi da ƙuraje. Takardar gargaɗinsa ta ambaci illa ga ido, da hanta, da fata, da lalacewar tsoka, da cutar da ɗan tayi. Dole likitan ido ya riƙa duba mai shan sa, a kuma riƙa gwajin jini a kai a kai.

Ganuwar da ke kare ƙari

A daidai lokacin da gwajin COMMAND ke rushewa, wasu masu bincike na gano wata fuskar FAK da ba a sani ba. A 2015 ɗakin binciken Farfesa Margaret Frame a jami'ar Edinbura ta Sikotilan ya nuna cewa FAK na shiga har cibiyar ƙwayar kansa, ya sa ta fitar da sinadaran da ke kiran wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu hana faɗa, su zo su kwantar da sojojin da ya kamata su kashe ƙarin. A 2016 David DeNardo da abokan aikinsa a jami'ar Washington da ke Sen Luwis suka duba kansar fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Ƙarin da ke fitowa a nan yakan kewaye kansa da tauri mai kama da tabo, ganuwar da magani da sojojin jiki ke wahalar ketawa. A jikin ɓeraye, toshe FAK ya sassauta ganuwar, magungunan zaburar da garkuwar jiki suka fara aiki.

Wannan ne ya sa ido ya koma kan fankiriyas, ɗaya daga cikin nau'o'in kansa mafi kisa, inda sama da kashi 90 cikin 100 na ƙullutun ke ɗauke da lalatacciyar KRAS. Verastem na gwada haɗinsa tare da shimiyo a can. Kamfanin Amplia na Ostareliya na gwada nasa mai suna narmafotinib, InxMed na ƙasar Sin kuma na gwada ifebemtinib. Wasu masanan suna ganin toshewa kaɗai ba ta isa ba, domin FAK ko an hana shi liƙa fosfet yana nan a matsayin dandalin da sauran sinadarai ke taruwa a kai. Su suna ƙoƙarin haɗa magungunan da za su sa ƙwayar halitta ta narkar da shi gaba ɗaya. Duk waɗannan suna matakin gwaji ne.

Daga Boston zuwa Maraɗi

Mai karatu a Damagaram ko Tawa zai iya tambaya, mu ina ruwanmu? Tambaya ce mai kyau. Farashin da kamfanin ya sa wa haɗin a Amurka ya haura dala dubu 40 a kowane zagaye na kwana 28, wato sama da miliyan 20 na kuɗin sefa a wata. Ko da kyauta aka kawo shi, ba a ba mace sai an yanko naman ƙarin, masanin duba nama ya tabbatar da cewa nau'in mai tafiyar hawainiya ne, sannan a yi gwajin ƙwayar gado a ga KRAS ta lalace. Kowane mataki na buƙatar na'ura da ƙwararre.

A Nijar, sai a 2021 aka buɗe sashen gashin kansa na farko a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kansar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba wajen addabar mata, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai abin ya yi nisa. Kansar gidan ƙwai ta fi su ɓuya, domin alamominta na kama da ciwon yau da kullum: kumburin ciki da ba ya sacewa, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari. Idan waɗannan suka ɗauki makonni ba su wuce ba, hoton ciki a asibiti ya fi jiƙo da jira.

Tsadar magani kuma ba ta dawwama. Imatinib ɗin da aka ambata a sama ya fito a 2001 da farashin da ya gagari talaka a ko'ina. Kamfanonin Indiya suka riƙa yin irinsa da arha, kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin Novartis haƙƙin mallakar da ya nema a 2013, sannan a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Tsakanin fitowarsa da shigarsa wannan jeri, shekaru 14 ne.